Gwajin bakin mahaifa ya nuna LSIL ina da ciki: me ya kamata in yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. A Makka nake zaune, shekarata 31, ina ɗauke da ciki na uku, sati 14. Da na fara awo an yi min gwajin bakin mahaifa, wanda ban taɓa yi ba. Takarda ta fito an rubuta LSIL, an kuma ce akwai HPV amma ba 16 ko 18 ba. Likitan ya yi bayani da Larabci cikin sauri, abin da na kama kawai "minzar" da "bayan haihuwa". Goggona ta ce farkon ciwon daji ne, in koma Kano a haɗa min na gargajiya. Zai taɓa abin da ke cikina? Dole sai an yi min aiki? Kuma daga ina na samo shi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya inganta, ya raba lafiya.

Ki kwantar da hankalinki tukuna. Takardar da ke hannunki ba ta ce kina da ciwon daji ba, ba ta kuma ce wani abu ya sami ɗan da ke cikinki ba. Na daɗe ina duba mata a Jidda, da yawansu 'yan uwanmu Hausawa, kuma irin wannan takarda tana yawan zuwa teburina. Mace za ta ciro ta daga jaka an ninke ta sau huɗu, gefenta ya yi laushi saboda yawan buɗewa da rufewa, ta miƙo min hannunta na rawa. Galibi abin da ke cikinta bai kai girman tsoron da ya jawo ba. Amma kuma ba takardar da za a cusa ƙarƙashin katifa a manta ba ce, kuma a kan wannan zan fi ja miki kunne.

Bakin mahaifa shi ne ƙofar da ke rufe da mahaifa ta ƙasa, wadda take buɗewa ranar naƙuda. An lulluɓe shi da wata siririyar fata kamar ɓawon albasa. Lokacin gwaji, ana sharo 'yan ƙwayoyin halitta daga wannan fata da ɗan buroshi, a kai ɗakin bincike a duba kamanninsu. Wani likita ɗan ƙasar Girka da ya yi aiki a Amurka, George Papanicolaou, shi ya fito da dabarar, shi ya sa ake ce wa gwajin Pap. Haruffan da ake rubuta sakamako da su kuma wani tsari ne da aka amince da shi a garin Bethesda na Amurka a 1988, kuma kamar matakala yake. ASC-US na nufin an ga 'yan ƙwayoyin da suka ɗan bambanta, ba a ma tabbatar da ma'anarsu ba. LSIL, naki ke nan, canji ne ƙarami a fatar sama. HSIL shi ne canji mai zurfi da ke bukatar a tashi tsaye. Ko shi HSIL ɗin ba daji ba ne, sai dai ya fi kusa da hanyar.

Abin da ke jawo canjin shi ne ƙwayar cutar HPV. Irinta sun haura 200, amma kusan 14 ne ake tsoro, kuma biyu daga ciki, 16 da 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya. Da aka ce miki taki ba 16 ba ce ba 18 ba, wannan labari ne mai daɗi. Garkuwar jiki kan kori ƙwayar da kanta: cikin mutum 10 da suka kamu, kusan 9 sukan rabu da ita kafin shekara biyu ba tare da sun sha komai ba. Idan aka gutsuro nama aka tabbatar canjin na matakin farko ne, wanda ake rubutawa CIN 1, kusan 6 cikin 10 sukan koma daidai da kansu, kuma wanda ke kaiwa ga daji kusan 1 ne cikin 100. Shi ma ba dare ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jikin mace mai ƙarfin garkuwa, tafiyar kan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ke kuwa sati 26 ya rage miki ki sauka. Ki auna waɗannan biyun, za ki gane dalilin da ya sa likitanki ya ce bayan haihuwa.

Ciki ba ya sa wannan canji ya yi gudu. Canjin kuma ba ya hawa sama ya sami yaro. Ɗanki yana can cikin mahaifa, cikin ruwan faya, ƙofa a rufe, abin da aka gani kuwa yana bayan ƙofar ta waje. Ba ya jawo ɓari, ba ya naƙasa jariri, ba kuma dalilin taɓa ciki ba ne ko kusa.

To, me ya kawo maganar minzar? Sunan da likitoci ke kiransa kolfoskofi, wato duba bakin mahaifa da madubi mai ƙara girman abu. Dalilinsa ɗaya ne: buroshi samfur kawai yake ɗebowa, ba ya ganin ko'ina. Cikin mata 100 masu sakamako irin naki, waɗanda ba su taɓa gwaji a baya ba, akan sami kamar 4 da ke ɗauke da canji mai zurfi wanda buroshin bai kamo ba. Ƙa'idar 2019 ta ƙungiyar masana wannan fanni ta Amurka, ASCCP, ta ce idan haɗarin ya kai 4 cikin 100 a sa madubi, kuma ma'aunin ɗaya ne ga mai ciki da marar ciki. Duk da haka, an daɗe da yarda cewa ga ƙaramin canji irin naki babu laifi a jinkirta har bayan haihuwa. Hanyoyin biyu duka suna kan daidai.

In ni ce likitarki, zan so a yi shi yanzu, a cikin 'yan makonnin nan masu zuwa. Ba ki taɓa gwaji ba, don haka babu tsohon sakamako mai kyau da zan jingina da shi. Kina kuma maganar tafiya gida, kuma na san yadda tafiya ke cinye alƙawarin asibiti. Ga shi a tsakiyar ciki bakin mahaifa yakan ɗan buɗo waje, wurin da muke son gani ya fito fili, alhali a watannin ƙarshe kwanciyar ma wahala take ba mace. Gani ya kori ji. Idan ido ya tabbatar ƙaramin abu ne, sai ki ƙarasa rainon cikinki da kwanciyar rai. Sharaɗina guda ne: a sami wadda hannunta ya saba da duba masu ciki. Ciki yana kumbura bakin mahaifa, ya cika shi da jini, ya sauya masa launi, har wanda bai saba ba ya ɗauka wani mugun abu ne. Idan ba a sami ƙwararriya ba, ko kuɗin ya fi ƙarfinku kuma inshorarki ba ta ɗauka ba, jira har bayan haihuwa ba ganganci ba ne, muddin an tsayar da rana.

Bari in kwatanta miki yadda ake yi, don tsoron abin da ba a sani ba ya fi abin kansa ciwo. Za ki kwanta kamar yadda kika yi ranar gwajin farko, a rufa miki zane. A sa abin buɗa gaban nan mai kama da bakin agwagwa. Madubin yana tsaye ne a waje kan ƙafarsa, da fitila, tazararsa da jikinki kamar kamu ɗaya, ba ya shiga ciki ko kaɗan. Sai a jiƙa auduga da ruwan khal, wato ruwan tsamin nan da ake kira vinegar, mai rauni, kashi 3 zuwa 5 cikin 100, a shafa a hankali. Za ki ji sanyi, wataƙila da ɗan raɗaɗi. Mu kuma muna jira kamar minti ɗaya, muna kallo. Inda fata ta canza sai ta yi fari. Ƙaramin canji farinsa shara-shara ne, kamar an ɗiga madara a ruwa, gefensa ba shi da tsari. Mai zurfi kuwa farinsa kauri gare shi, gefensa a yanke, da 'yan jijiyoyin jini masu wani irin zane. Duka aikin minti 10 zuwa 20 ne, ki tashi ki tafi gida da ƙafarki. Kina da damar ki ce mace kike so ta duba ki, kuma a nan Saudiyya wannan ba baƙon roƙo ba ne. Ki tafi da wadda ke jin Larabci sosai, kada a sake yi miki bayanin da za ki kama kalma biyu kawai.

Idan abin da aka gani ya dace da ƙaramin canji, yawanci ba a gutsurar komai ga mai ciki. Idan an ga wurin da ya ta da hankali, ana iya tsinko nama ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa. Ba ya zubar da ciki, sai dai yakan fi zubar da jini fiye da na marar ciki, shi ya sa ake dannewa ko a shafa maganin tsayar da jini. Ko da an tarar da CIN 2 ko CIN 3, wato matakan canji mai zurfi, ba a yin magani sai an haihu. Akan riƙa sake dubawa ne duk bayan sati 12 zuwa 24.

Akwai abubuwan da ba na so ki yarda da su kina da ciki, ki riƙe su da kyau. Kada a kankare cikin ramin bakin mahaifa. Kada a ƙona, kada a daskarar da wurin da sanyi. Kada a yanko shi da zoben wayar lantarki, aikin da za ki ga an rubuta LEEP ko LLETZ. Yanka a lokacin ciki yana iya jawo zubar jini mai yawa, fashewar faya, ko haihuwar bakwaini, kuma babu abin da za a samu wanda ba za a samu bayan 'yan watanni ba. Yanayi ɗaya ne kawai ke halatta yanka ga mai ciki: idan ana zargin dajin ya riga ya kama. Duk wanda ya ce zai yi miki ɗaya daga cikin waɗannan saboda LSIL, ki nemi ra'ayin wani likitan kafin ki sa hannu a takarda.

Goggo kuwa ƙauna ce ta sa ta magana, ki gode mata. Amma ki yi mata bayani cikin ladabi cewa wannan ba sanyi ba ne. Maganin kashe ƙwayoyin sanyi da ake saya a kantin magani ba ya taɓa HPV, kuma har yau babu ƙwaya ko jiƙo da aka tabbatar yana kashe ta. Abin da na fi jin tsoro shi ne matsi. Bagaruwa, miski, tafarnuwa, haɗe-haɗen da ake cusawa a gaba, duk suna ƙona wannan siririyar fata, su kore ƙwayoyin kirki da ke tsare wurin, su kuma rikita mana abin da za mu gani a madubi. Na sha buɗe mace in tarar wurin ya yi jawur yana tsatstsafar jini, in tambaya, ta sunkuyar da kai ta ce wani haɗi aka aiko mata. Ga mai ciki abin ya fi muni. Ki wanke waje da ruwa kawai. Ki ci abinci mai kyau, ki sha magungunan ƙarin jinin da aka ba ki. Idan akwai mai shan sigari ko shisha a gidan, a fita da hayaƙin waje, domin taba tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna hana jiki korar wannan ƙwaya, ga illarta ga jariri. Addu'a da ruwan Zamzam kuwa, ga ki a bakin rijiyar, ki yawaita, ba su hana zuwa asibiti.

Tambayarki ta ƙarshe ita ce wadda na san ta fi ci miki rai, ko da a ƙarshe kika sa ta. HPV ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, fata da fata, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki saurare ni da kyau. Yawancin mutanen da suka taɓa aure, maza da mata, sun taɓa ɗaukarta a wani lokaci ba su sani ba. Tana iya kwanciya shiru shekara da shekaru sannan ta bayyana a gwaji. Babu gwajin da zai faɗi ranar da ta shigo ko ta hannun wa. Mace mai miji ɗaya tak a rayuwarta tana iya samunta, namijin da ya taɓa wani aure yana iya ɗauke da ita tun daga can babu wata alama. Don haka wannan takarda ba shaida ba ce a kanki, ba kuma shaida ba ce a kan maigidanki. Na ga gidajen da zargi ya girgiza a kan haruffa uku, kuma raina ya ɓaci ƙwarai, don babu hujja a ciki. Shi ba a yi masa wani gwaji na yau da kullum, ba a kuma ba shi magani in ba wani tsiro ya fito masa ba. Idan kina da abokiyar zama, ita ma ta je ta yi gwajinta kamar kowace matar aure, ba sai an ɗora wa kowa laifi ba. Kwanciyar aure ba ta haramta ba saboda wannan sakamako, sai in likitar awo ta hana don wani dalili dabam, ko an tsinki nama, sai a ɗan dakata kamar mako guda.

Haihuwa kuma, da kanki za ki haihu in sha Allahu, kamar na baya. LSIL ko HPV ba sa wajabta aiki. In an yi miki tiyata, to wani dalili ne na naƙuda ya kawo, ba wannan ba. Ki shayar da ɗanki nono babu fargaba.

Yanzu ga inda nake so ki ba ni hankalinki gaba ɗaya. Watannin cikin nan ba su ne ke ba ni tsoro ba, domin mai ciki tana zuwa awo, idonmu na kanta. Bayan suna ne mata ke ɓace mana. Jego ya zo, ga wanka safe da yamma, ga baƙi, ga rashin barci, ga yaro na neman nono. Wata ta tafi wankan gida Najeriya, bizar fita da dawowa ta ƙare, ko igama, wato takardar izinin zama, ta mutu, inshora ta tsaya, takardar kuma ta shige cikin kayan jariri ba a sake ganinta ba. Akwai wata baiwar Allah da na taɓa dubawa da sakamako kamar naki. Muka yi da ita za ta dawo bayan arba'in. Ban sake sa ta a ido ba sai bayan shekara huɗu, ta haifi wani a tsakani, ga kuma canjin ya kai CIN 3. Allah ya rufa asiri bai zama daji ba, aka yanke wurin ta warke. Amma da ta dawo a kan lokaci, da muna biye da abin tun yana ƙarami. Na tambaye ta me ya hana, ta ce ba ta jin ciwon komai. Haka abin yake. Wannan canji ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, ba ya ba da wata alama har sai ya yi nisa.

Saboda haka ki ɗaura alƙawarin a jikin abin da ba za ki manta ba: arba'in. Kwana 40 ɗinmu ya yi kusan daidai da sati 6 da likitoci ke faɗa. Ba a son dubawa kafin nan sosai, don jinin biƙi da kumburin haihuwa suna ɓata gani. A Amurka sun ce kada a yi ƙasa da sati 4, a Ingila sukan jira wata 3. Ke dai ki riƙe cewa daga arba'in zuwa wata uku ƙofar take, kada ki bari ta wuce. Ranar da za ki yi kitso da lalle ki fita yawon arba'in, a ce ranar asibiti tana rubuce. Ki nemi a ba ki ranar tun kafin a sallame ki daga haihuwa, kuma idan ta faɗo cikin kwanakin Hajji ko goman ƙarshe na azumi, lokacin da Makka ke cika maƙil, ki roƙi a matsar da ita kaɗan maimakon ki fasa. Ki ɗauki hoton takardar a wayarki yau, ki tura wa maigida da wata 'yar'uwa da kika yarda da ita. Ki sa a rubuta sakamakon a katin awonki. In a Kano za ki yi jegon, ki tafi da ita, sashen mata na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, suna duba irin wannan.

A wannan zuwan, in ba a sa madubi da ciki ba sai a sa. In an riga an sa kuma ƙaramin abu ne, likita zai tsara lokacin maimaita gwaji, galibi shekara guda daga na farko. Sau da yawa akan tarar komai ya koma daidai. In CIN 1 ne har yanzu, sa ido ake ci gaba da yi, sai ya daɗe kamar shekara biyu ake fara maganar taɓawa. In ya ƙaru, maganinsa aikin 'yan mintuna ne, shayarwa ba ta hana shi, mahaifarki kuma tana nan. Zan so ki san matsayinki kafin ki sake ɗaukar wani cikin, don kada a sake shiga wani jiran na wata tara.

Duk wannan sassauci da na yi na mai irin takardarki ne. Wadda tata ta ce HSIL, ASC-H (ana zargin canji mai zurfi) ko AGC (canji a ƙwayoyin cikin ramin bakin mahaifa ko cikin mahaifa), ko HPV 16 ko 18, ko wadda aka taɓa yi wa yanka a bakin mahaifa, kada ta jinkirta madubi don tana da ciki. Haka mai ɗauke da HIV ko mai shan maganin da ke rage garkuwa, domin a wurinsu tafiyar kan gajarta zuwa shekara 5 zuwa 10. Ki tabbatar an yi miki gwajin HIV cikin gwaje-gwajen awo, kamar kowace mai ciki. Ke ma kanki, idan kika ga jini yana maimaituwa bayan kwanciya, ko ruwa mai wari gauraye da jini, kada ki ce ai na ciki ne, ki je a buɗe a duba. Ɗigon jini na kwana ɗaya ko biyu bayan gwaji ba komai. Amma jini mai zuba, fashewar faya ko ciwon mara mai zuwa yana komawa, wannan na gaggawa ne, ki tafi asibiti nan take ko a kira motar agaji a 997. Don neman shawara kuma akwai layin Ma'aikatar Lafiya, 937.

Allurar rigakafin HPV ba a yi wa mai ciki, ba ta kuma warkar da ƙwayar da ta riga ta shiga, amma kina iya tambayar likita game da ita bayan kin haihu. Inda ta fi amfani shi ne 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Ana yin ta a nan Saudiyya, Najeriya ma ta sa ta cikin rigakafin yara tun Oktoban 2023. In akwai mace cikin 'ya'yanki biyu, ki sa ta a rai.

Gobe da safe ki kira asibitin ki tambaye su abu biyu: wa ke yin minzar ga masu ciki, kuma yaushe. In kin je, ki rubuto min abin da aka gani. Ki gaishe min da Goggo. Allah ya sauke ki lafiya.